Mai Tsinka Ita Ke Fara Ci

Ranar da muka dawo daga maƙabarta, falonmu na garin Laurel, nan ƙasar waje, ya kasa ɗaukar jama'a. Matan zumuntar coci sun cika kujeru da kafet, maza suna tsaitsaye tun daga baranda har matakala. Maƙwabcinmu likita ɗan Zariya da matarsa, su da ba addininmu ɗaya ba, su suka fara zuwa, su ne kuma na ƙarshen tafiya. Duk wanda ya shigo sai ya durƙusa gaban mijina ya ce, "Sannu da haƙuri. Ubangiji ya ba Mama hutu." Shi kuma ya amsa da amin, kansa a ƙasa.

Ni ina kicin, kuma kowa ya san a kicin ake faɗin abin da ba a faɗa a falo. A nan na ji wata babba a zumunta tana cewa ƙasa-ƙasa, "Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ga nama fal a firji, me ya kai tsohuwa cin laimar kwaɗi?"

Wata ta karɓe, "Ai bin Turawan nan ne. Kowane wikend tana daji sai ka ce mafarauci."

Da suka lura da ni sai suka koma zancen gishirin miya.

Can da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Turawa ne, sun kai goma, yawancinsu masu furfura. Suka cire takalmansu masu taɓo suka jera a waje, suka shigo suka zauna a ƙasa. Babbansu, wani dogon tsoho mai ƙaramin madubin dubawa rataye a wuya, ya jingina da bango yana kuka ba sauti. Wani daga baranda ya tambaya su wane ne waɗannan, na ji an amsa masa, "Su ne suka kai ta." Washegari suka dawo, jibi ma suka dawo, har aka cika kwana uku.

Yau shekara guda ke nan. Fasto ya ce in rubuta wani abu a ɗan littafin tunawa da ita, tunda ni na fi kowa zama da ita. Na karɓa ne don dalili ɗaya. Shekara guda ana kiran surukata mai kwaɗayi da taurin kai, ina ji ina shiru, alhali na san abin da zai wanke sunanta. Ban faɗa ba ne don wanke nata zai ɓata nawa, kuma ko mijina, ɗan da ta haifa, bai san shi ba.

Mama nake ce mata, ita kuma Nas take ce mini saboda aikina, sai in abu ya yi tsanani ta ce 'yata. Daga ƙauyensu na kan duwatsun Filato muka ɗauko ta lokacin da na haifi yarinyarmu, da niyyar wata shida, sai ta shekara huɗu. Sanyin farko ya kusa gamawa da ita. Wuni take yi a bakin taga da bargo, tana jin kaset ɗin waƙoƙin zumunta har zaren ya tsinke. Wata rana ta ce mini, "Nas, ƙasar nan ba a noma, ba a kiwo, ba a gaisuwa. To me mutane suke yi tun safe?" Ko kalmar Turanci goma ba ta riƙe ba, ba ta kuma nemi riƙewa ba.

Da ɗumi ya dawo aka fara ruwa, sai ta gano ɗan kurmin da ke bayan gidajenmu. A can wata maƙwabciyarmu Baturiya, tsohuwar malamar makaranta, ta tarar da ita tsugune tana shinshina ƙasa. Ban san da wane yare suka yi magana ba. Abin da na sani kawai, matar ta biyo ta har ƙofarmu tana roƙon in bar Mama ta bi ta da mutanenta daji ranar Asabar.

A wurinmu abin nan in ana raina shi laimar kwaɗi ne, in zai shiga miya kuwa naman kaza. Mama ta san shi tun ba ta fara ɗaura zane ba. A ƙauyensu, da ruwan fari ya sauka mata ke fita da sassafe su nemi wanda ke tsirowa a jikin suri, gidan gara. Suna da doka ɗaya da ba a karyawa. In mace ta tsinko wanda take shakka, ko daga wurin da ba ta saba ba, sai ta dafa kaɗan a ƙaramar tukunya ta ci ita kaɗai, a kwana. In ta tashi lafiya, sannan gida ya ci. "Mai tsinka ita ke fara ci," in ji Mama. "In ido ya yi kuskure, cikin mai idon ne zai biya."

Su kuma mutanen malamar ƙungiya gare su ta masu sha'awar laimar kwaɗi. Babu wanda yake cin abinci da ita, son rai ne kawai. Akwai ma'aikatan gwamnati, akwai mai cire haƙori, akwai matan aure. Ranar Asabar su haɗu a bakin wani daji, kowa da kwando da wuƙa da usur don kada ya ɓata, su watse. Da rana ta take su dawo su baje abin da suka samo a kan dogon tebur, tsohon nan mai madubi ya bi ɗaya bayan ɗaya yana faɗin suna, wata tana rubutawa. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, Mama ta sa masa Mai Madubi. Su ma dokarsu ɗaya ce, abin da bai hau tebur ba, ba ya shiga tukunya. Ranar da na fara ganinsu dariya ta kusa kashe ni, manya da furfura suna rarrafe a gindin itatuwa.

Mama takan fita da zanen atamfa, da rigar sanyin ɗanta, da tsofaffin takalman aikinsa da ta cusa wa tsumma don su zauna. A bakin daji sai ta tsaya ta ce, "Gafaranku dai, masu wuri," sannan ta shiga. Na taɓa tsokanarta na ce, "Mama, ke da kike riƙe da Littafi Mai Tsarki, su wa kike wa sallama?" Ta ce, "Ban ce akwai kowa ba. Amma in akwai fa?" Ba a daɗe ba duk ƙungiyar ta koyi jira. Su taru a bakin itatuwa shiru, babu mai ɗaga ƙafa sai Mama ta yi sallamarta.

Idonta kuwa ba a magana. Inda mutum biyar suka wuce ba su ga komai ba, ita sai ta ɗaga ganye da sanda, ga abu. Ba ta kallon ƙasa kamar su, itace take kallo, da inda ruwa ya kwanta, da inda dodon koɗi ya bi. Sabbin shiga sukan jeru a bayanta, tana nuna musu da haɓa.

Faɗansu da Mai Madubi a kakar farko ya faru. Mama ta cika kwando da wani fari tas mai kyan gani. Da ya gani sai ya fizge kwandon daga hannunta a gaban kowa, ya zazzage a ƙasa, ya ja yatsa a wuyansa. Ta dawo gida tana faɗa. "Ni zai kunyata? Ni da kakata ta koya wa? Shi wa ya koya masa, takarda?" Asabar uku ba ta fita ba, ta koma bakin taga.

A ta huɗu ya zo da kansa, rungume da wani ƙaton curin naman kaza mai ruwan toka da ke fitowa a gindin manyan itatuwa, ya ajiye a gabanta. Ya ce in gaya mata bai yi daidai ba da ya fizge, tsoro ne ya sa shi, don farin nan ɗaya ya isa ya kashe gida guda. Mama ta karɓi curin. Ta tashi ta tuƙa tuwo, ta zuba masa miyar kuka. Ya ɗauki cokali, ta karɓe cokalin ta nuna masa ruwan wanke hannu. Sai da ya cinye, hancinsa na zuba saboda yaji, sannan ta ce, "Gaya masa na ji. Baƙo makaho ne ko yana da ido. A dajinsu shi ne mai jan sanda." Daga ranar ba ta ƙara sa komai a tukunya ba sai ya hau tebur. Ina so masu karanta wannan su riƙe wannan maganar.

Ta koyi duk al'adunsu. Ta daina tsinkewa, sai ta tono da gindi gaba ɗaya ta naɗe a takarda. Ta koyi kifa hular naman kaza a kan takarda a rufe da kofi, a kwana, da safe a ga hoton ƙurarsa ya fito zagaye. Takan je taronsu na wata-wata a wani ɗakin laburare, inda ake kashe fitila a nuna hotuna da majigi, ta zauna a gaba tana cewa "na san wannan" da Hausa. A bikin cin abincinsu na kaka, tukunyar miyarta ke fara ƙarewa.

Da matar Mai Madubi ta rasu, muka je gidansa. Mutane suka sha shayi, kafin awa biyu kowa ya watse. Mama ta dube ni ta ce, "Shi ke nan? Za su bar shi da bango?" Ta ƙi shiga mota. Kwana uku tana wuni a falonsa, tana dafa masa abinci, suna zaune ba mai jin yaren wani. A wurinta suka ga zaman makoki, shi ya sa suka zo namu suka zauna a ƙasa.

A shekara ta uku malamar ta koma wata jiha wurin 'yarta. Mijina yana aiki a Baltimore har ranar Asabar, don haka kai Mama daji ya dawo kaina. Ba zan yi ƙarya ba, na tsani aikin nan. Ranar hutuna ɗaya ce, in ƙare ta a mota a bakin daji ina gyangyaɗi, sauro na cizona. Ina kai ta, amma fuskata ba ta ɓoye komai, ita kuma ba makauniya ba ce.

Wata Juma'a da yamma, a kakar bara, ta shigo daga kurmin bayan gida fuskarta kamar an yi mata albishir. "Nas, zo ki gani! Na gida ya biyo ni!" A kwandon akwai guda bakwai ko takwas, hularsu ruwan toka mai ɗan kore, ƙasansu fari, ƙafarsu doguwa. A jikin wani tudun ƙasa ta same su, a gindin itace. Ta ce sak na surin ƙauyensu, wanda ta shekara huɗu tana mafarkinsa. "Gobe zan kai tebur. In Mai Madubi ya yarda, ran Lahadi ɗana zai sha miyar da ya rabu da ita tun yana ɗan makaranta."

Daren nan na yi aiki, bayan na riga na yi na rana. Asabar da safe na shigo ina ganin bibbiyu, mijina ya riga ya fita. Ko minti goma ban yi a kwance ba na ji takun manyan takalman nan sun tsaya a ƙofar ɗaki.

"Nas. Lokaci ya yi."

"Mama, don Allah! Dabul shif fa na yi. Laimar kwaɗi ba ƙafa gare ta ba, sai wani satin."

"Ba ya kai sati, 'yata. Ruɓewa yake yi."

"To ya ruɓe mana!"

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta ce, "To, Nas, huta." Na ji ta zauna a kujerar falo tana cire takalman. Lambar wayar Mai Madubi tana manne a jikin firji. Ya sha gaya mini duk ranar da na gaji in kira shi, zai zo ya ɗauke ta. Ita ba za ta iya kira ba, ba ta da Turancin. Ni kuwa taku goma ne tsakanina da wayar.

Na farka da azahar gidan na ƙamshin daddawa. Yarinyarmu tana kuka a kicin, wai Kaka ta hana ta miya har ta buge mata hannu, abin da ba ta taɓa yi ba. Mama tana baranda ita kaɗai da kwano, ta ba mu baya. A kan murhu ga ƙaramar tukunya. Na san ma'anar ƙaramar tukunya, ta gaya mini ya fi sau goma. An hana ta tebur, sai ta koma ga dokar da ta rage mata. Na tsaya da maganar a bakina, sai na ce a raina ai shekara sittin tana wannan abu. Gaskiyar ita ce in na yi magana, dole in tuna abin da na faɗa da safe.

Lahadi da asuba amai da gudawa suka kama ta. Kafin kowa ya tashi ta ja jiki ta zubar da sauran ɗanyen a shara, ta ɗaure bakin ledar, ta wanke tukunyar har sau biyu. Ɗanta ya ɗauka sanyi ne ya shiga cikinta. Ni nas ce, na san abin da ya kamata in yi, amma ruwan gishiri da sukari na haɗa mata. Ran Litinin ta miƙe, ta yi shara, ta sha kunu. Ta raɗa mini, "Kin gani? Kwana ɗaya ya yi aikinsa. Ba na ci ba ne, ya nuna kansa ya fita." Na yarda da ita don ina son in yarda. Dafin nan haka yake, yakan saki mutum ya tashi, shi kuma yana can yana cin hanta. Dokar ƙauyensu kwana ɗaya ta sani, ba ta san wannan ba. Ran Talata idanunta suka koma ruwan ɗorawa.

A asibiti da likita ya tambayi abin da ta ci, ta ce a kira Mai Madubi, a kuma ɗauko wani ƙunshi a ƙasan firji. Ashe ta ware guda ɗaya cikakke, da gindinsa, naɗe a takarda yadda suka koya mata. Da Mai Madubi ya buɗe bai ko taɓa madubinsa ba, sai ya nemi kujera ya zauna.

Mama ta ce, "Tambaye shi sunansa."

Ya ce a yarensu hular mutuwa ake ce masa. Ya ce naman kazan shi ma ba ɗan ƙasar nan ba ne, daga Turai ya biyo saiwar itatuwa, kuma tun da Mama ta shiga ƙungiyar bai taɓa hawa teburinsu ba. Na fassara mata. Ta yi wata 'yar dariya da ƙyar ta ce, "Ashe baƙo ne ya ci baƙuwa." Sannan ta ce in gaya masa ran Asabar ya ɗora shi a tsakiyar tebur kowa ya gani, musamman wasu mata biyu 'yan Asiya da suka shigo kwanan nan, don ta lura su ma na gida suke nema da ido. Ya yi yadda ta ce. Ita ba ta kai Asabar ɗin ba.

Bayan an watse daga makoki na shiga gyara ɗakinta. A bakin taga na tarar da kofi a kife. Na ɗaga, ga hular ta bushe, ga hoton ƙurarta fari sol a kan baƙar takarda. Tun daren Juma'a ta shirya shi don ta nuna a tebur. Mai kwaɗayi ba ya yin haka. Kewar gida ce ta sa ta tono shi, kuma ko a cikin kewar, yarinyarmu ba ta ɗanɗana ko cokali ɗaya ba.

Tun daga nan ban ƙara barcin safiyar Asabar ba. Ko na yi aikin kwana, da na rufe ido sai in ji takun nan ya zo ya tsaya a ƙofa. Ba ya shigowa, ba ya magana, tsayawa kawai yake yi. In an yi ruwa ba na leƙa tagar baya, don sau biyu na ga kamar mace a sunkuye a bakin kurmin. 'Yan ƙungiyar sun gaya mini har yanzu sukan tsaya a bakin daji kafin su shiga, su yi shiru, tunda babu wanda ya iya faɗin kalmomin. Sun gayyace ni in zo in faɗa musu, na kasa zuwa.

Ubangiji da ta bauta wa ya karɓe ta, ya ba ta wuri mai ruwan sama da ƙasa mai laushi. Ku da kuka ce kwaɗayi da taurin kai, ban riƙe ku ba, abin da aka ba ku kuka maimaita. Ga inda kuka samo shi.

Ran Laraba, lokacin tana iya magana, mijina ya durƙusa a gefen gadonta ya riƙe hannunta. Yana kuka yana cewa, "Mama, me ya sa? Ke da kika san doka. Me ya sa ba ki ce a kai ki tebur ba?" Ina tsaye a ɗaya gefen da kofin ruwa. Ta juyo da idanun nan ta dube ni, ba fushi a ciki, ba komai. Sannan ta mayar da su kansa ta ce, "Ban tambayi kowa ba, ɗana. Taurin kaina ne." Shi ya faɗa wa ƙaninsa, ƙaninsa ya faɗa wa matarsa, magana ta isa kicin. Matar da ban taɓa jin ta yi ƙarya ba, ta yi guda ɗaya saura kwana biyu ta tsaya gaban Mahaliccinta, don aurena ya zauna. Ni kuma na karɓa na riƙe.

Baban yarinya, kai zan fara miƙa wa takardar nan kafin Fasto ya gani. Abin da za ka yi da ni bayan ka karanta, naka ne, ba zan roƙe ka komai ba. Amma kada ka ƙara kwana da tunanin mahaifiyarka ta yi ganganci. Ta tambaya. Ta tsaya a ƙofar ɗakinmu da takalmanka a ƙafarta da kwando a hannu, ta ce mini 'yata, ni kuma na juya mata baya na ja bargo.